GWAJIN SABON MAGANI: CIWON RAWAR JIKI DA ABIN DA YA FARU A KANO

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kan wata magana wadda ta shafi lafiyarmu duka.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya san motar mai magani da lasifika a kanta. Kwalba ɗaya ce tak a hannunsa, amma sai ka ji ya ce tana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi da rawar jiki. Mutane su yi cincirindo su saya, ba mai cewa, "Malam, a kan wa aka gwada wannan, kuma mutum nawa suka warke?" Amma ranar da aka ce likitoci za su gwada wani sabon magani a asibiti, sai kowa ya kama hannun ɗansa ya yi gida. Watau wanda ba a taɓa gwadawa ba muna sha da kuɗinmu, wanda kuwa ake so a gwada bisa ƙa'ida muna gudunsa. Wannan gudu yana da dalili, zan kuwa zo kansa. Amma kafin nan bari mu san irin cututtukan da nake nufi.

Akwai waɗansu cututtuka da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, musamman sashen da ke sarrafa motsin jiki. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne ciwon Parkinson, wanda wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya bayyana cikin 1817. Galibi dattawa yake kamawa. Hannu ya riƙa karkarwa ko mutum yana zaune, jiki ya sandare, tafiya ta koma 'yan gajerun taku, har ɗaura zariyar wando ta zama aiki. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke haɗa wani sinadari mai suna dofamin suna mutuwa, shi kuwa dofamin shi ne ɗan aiken da ke sa umurnin motsi ya tafi daidai.

Akwai kuma waɗanda ba safai ake ganinsu ba. Babba a cikinsu shi ne ciwon Huntington, wanda George Huntington na Amurka ya bayyana cikin 1872, yana ɗan shekara 22. Shi wannan gado ne. Yakan fara tsakanin shekara 30 zuwa 50, lokacin da mutum ya yi aure ya tara iyali. Sai a ga hannu da ƙafa da fuska suna fizga ba da nufinsa ba, kamar mai rawa babu kiɗa, hali ya sake, tunani ya raunana, a yi ta fama shekara 15 zuwa 20 kafin rai ya yi halinsa. Kada a haɗa gadonsa da na amosanin jini. Shi amosanin jini sai uwa da uba duka sun ba yaro, amma wannan in ɗayansu kaɗai ke da shi ya isa, kuma kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. A ƙasashen Turai wajen mutum 5 zuwa 10 ne cikin 100,000 ke da shi. Cikin 2001 an gano wani mai kama da shi ƙwarai, wanda a jikin masu asalin Afirka ake samunsa. Saboda haka ba ciwon Turawa kaɗai ba ne.

A wajenmu in aka ga magidanci ya fara irin wannan fizge-fizge, abin da bakin mutane zai fara kawowa shi ne iska ko sammu. In kuwa aka tuna ubansa ma haka ya yi, sai a ce ai iskar gidansu ce. Nan za a sayar da akuya, a sayar da gona, a yi ta yawon neman magani. Gaskiyar magana ita ce har yau babu maganin da hukuma ta tabbatar yana tsayar da ciwon Huntington. Akwai dai masu rage fizgar. To, mai nema a irin wannan hali kome aka miƙa masa zai karɓa, shi ya sa ƙa'idar gwaji ta fi muhimmanci a nan bisa ko'ina.

MATAKAN GWAJI

Iyayenmu manoma sun riga mu sanin gwaji. Tun lokacin da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Gusau da na Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970, sun ga yadda malamin gona yakan raba fili biyu, ya zuba takin zamani a wannan gefe ya bar wancan, iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noma ɗaya. In kaka ta yi a auna. Da ya zuba wa filin duka, in gero ya yi kyau ba mai iya cewa takin ne ko kuwa damina ce ta yi albarka. To, gwajin magani haka yake, sai dai shi a jikin ɗan Adam ake yi, wanda ba a sake shuka shi baɗi.

Ana farawa ne a ɗakin bincike, sa'an nan a kan dabbobi kamar ɓeraye da birai. In an ga alamar amfani, sai a shiga mataki na farko a jikin mutum. A nan ba warkarwa ake nema ba tukuna. Tambayar ita ce, shin jiki zai iya ɗaukar wannan abu, kuma nawa zai ɗauka? Mutane kaɗan ake sawa, kamar 20 zuwa 80, a fara da ɗan mitsitsi, a jira, a auna jini da hanta da ƙoda, kana a ƙara. A mataki na biyu ake duba ko akwai alamar yana aiki ga masu ciwon. A na uku ne ake tara ɗaruruwa ko dubbai, a raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu a ba su sabon maganin, waɗansu a ba su tsohon da aka sani, ko kuwa ƙwayar wofi mai kama da maganin amma babu kome a cikinta. Sau da yawa majiyyaci bai san wanne aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, sai an gama a buɗe littafi.

Wani zai ce mene ne na wannan ɓoye-ɓoye? Dalili shi ne zuciya tana da tasiri a jiki. An nuna cewa mai ciwon Parkinson in ya sakankance an ba shi magani mai ƙarfi, ƙwaƙwalwarsa takan saki dofamin, jikinsa ya ɗan saki, alhali ƙwayar wofi ya haɗiya. Likita kuma mutum ne, in yana son maganinsa ya ci nasara idonsa zai riƙa ganin sauƙi inda babu. Ƙuri'a kuwa ita ke hana a zaɓi masu ƙarfi a sa su gefe ɗaya.

Mataki na farko shi ne mai haɗari, ba kuwa a ɓoye wannan. Cikin 2006 a wani asibiti a Landan an yi wa samari shida masu lafiya allurar wani sabon magani, ɗaya bayan ɗaya, 'yan mintoci tsakani. Kafin a ankara duk shida sun faɗi rai a hannun Allah. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsu. Tun daga nan aka tsananta dokar cewa in abu sabo ne fil, a ba mutum ɗaya tukuna, a jira a gani. Cikin 2016 kuma a garin Ren na Faransa mutum ɗaya ya rasu a irin wannan gwaji. A ƙasashen da ke da kayan aiki ke nan.

Ga cututtukan da ba su da yawa akwai ƙarin wahala. Ina za ka sami mutum dubu masu ciwon da sai ka tara mutum 100,000 kafin ka sami biyar? Ga shi ciwon a hankali yake tafiya, sai an shekara biyu ko uku kafin a san ko magani ya rage masa gudu. Ga shi ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke hana yawancin magunguna shiga daga jini, har sai an bi ta ruwan laka da allura a gadon baya, ko a huda ƙoƙon kai. Wannan kuwa ba a yi wa mai lafiya, tilas da majiyyata za a fara.

Labarin ciwon Huntington ya isa misali. A bakin tafkin Marakaibo a ƙasar Benezuwela akwai ƙauyukan masunta inda ciwon ya yi katutu cikin dangi guda. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nancy Wexler, wadda ciwon ya kashe mahaifiyarta, ta yi shekaru tana zuwa can tana rubuta salsalar dangin tana ɗibar jini. Da taimakon wannan jini aka gano unguwar da aibin yake cikin ƙwayoyin gado a 1983, aka kuma kama shi kansa a 1993. Ashe wani ɗan guntun rubutu ne mai harafi uku yake maimaituwa fiye da kima. In ya kai sau 40 ko fiye, sai jiki ya riƙa haɗa wani gurɓataccen sinadari mai kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Da aka san haka sai masana suka ce, to, me zai hana a toshe saƙon tun kafin a haɗa gurɓataccen abin? Cikin 2015 aka fara gwada wani magani, wanda daga baya aka sa wa suna tominersen, a Ingila da Jamus da Kanada, ƙarƙashin Farfesa Sarah Tabrizi ta Landan. Mutum 46 ne kacal. An yi wa 34 allurar maganin a gadon baya, 12 aka yi musu ta wofi. A ƙarshen 2017 aka ba da labari cewa ba wanda ya sami mummunar illa, kuma gurɓataccen sinadarin ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100 a ruwan lakar waɗanda aka ba da yawa. Jaridun duniya suka ɗauka, iyalai suka yi ta murna. Aka shiga mataki na uku da mutum kusan 800. Cikin Maris 2021 kwamitin da ke sa ido, wanda ba ya ƙarƙashin kamfanin, ya duba alƙaluma ya ce a dakata. Waɗanda ake yi wa allurar a kai a kai sun fi masu ta wofi taɓarɓarewa.

Ku duba fa. Maganin ya yi abin da aka ce zai yi a cikin ruwan laka, amma mutanen ba su sami sauƙi ba. Da ba a ajiye rukunin wofi ba, da sai a ce ai ciwon ne ke cin gaba, a yi ta yi wa dubban mutane allurar da ba ta amfane su ba. A ganina wannan gwaji bai fāɗi ba, ya yi aikinsa, gama ya faɗi gaskiyar da ba wanda ya so ji.

Cikin Satumba 2025 wani kamfani mai suna uniQure ya ba da sanarwar wata dabara dabam. Ita wannan aikin tiyata ne na fiye da sa'a goma, a zura siririn bututu cikin ƙwaƙwalwa a zuba maganin sau ɗaya. Suka ce ciwon ya rage gudu da kashi 75 cikin 100 bayan shekara uku. Labari mai daɗi, Allah ya tabbatar. Amma ɗalibin da ya iya lissafi zai tambaya, mutum nawa? Mutum 29 aka yi wa, kuma wancan adadi daga 12 kaɗai aka samo shi. Ba a kuma gwama su da rukunin ƙuri'a ba, da bayanan waɗansu majiyyata da ke rubuce tun da aka gwama su. Cikin Nuwamba na shekarar kamfanin da kansa ya ce hukumar magunguna ta Amurka ta nuna wannan gwami bai ishe ta hujja ba. Ka jefa kwabo sau goma sha biyu, kai ya fito sau tara, ba za ka rantse cewa kwabon yana da sihiri ba.

ABIN DA YA FARU A ASIBITIN ZANA

Yanzu bari mu dawo gida. Shekarar 1996, wadda a cikinta aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, ita ce shekarar da sanƙarau ya yi ɓarnar da manya ba su manta ba. A Nijeriya ya kashe wajen mutum 12,000, yawancinsu yara. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ciki tana ba da magani kyauta.

Ana cikin haka sai ga ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda hukuma ba ta riga ta amince da shi ba. Suka ɗauki yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani mai suna seftiriyazon, amma bayan allurar farko aka rage yawansa ƙasa da yadda aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 cikin masu Trovan, 6 cikin ɗaya rukunin. Waɗansu suka kurumce, waɗansu suka shanye. Bayan 'yan makonni baƙin suka tattara kayansu suka tafi, annoba kuwa tana nan.

Adalci ya sa a faɗi abin da kamfanin ya ce. Ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, ba magani ba, kuma shi ciwon da ma yakan bar kurumta da shanyewa. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Lalle in lissafi za a bi, 5 da 6 ba su isa a ce wannan ya fi wancan kisa ba. Amma ni a nawa ganin ba nan gizo ke saƙar ba. Iyaye da yawa sun ce ba su san gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, ba a kuma gaya musu cewa a cikin asibitin nan akwai inda ake ba da tabbataccen magani kyauta ba. Babu takardun da suka sa wa hannu. Takardar izinin da aka nuna daga kwamitin asibiti kuma, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka sa mata kwanan watan baya. Uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa a sanƙare, ta ga mai farar riga, ba ciniki ta zo yi ba. Kome aka ce mata "to" za ta ce. Wannan "to" ɗin ba ita ake kira yarda ba.

Maganar ta kwanta har Disamba 2000, sa'ad da jaridar Washington Post ta tono ta. Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Gwamnatin Kano ta kai ƙara cikin 2007, aka sasanta cikin 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai cikin 2011, shekara 15 bayan abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin gado don tabbatar da dangantaka. Shi kuwa Trovan, an amince da shi ga manya a Amurka a ƙarshen 1997, amma cikin 1999 aka taƙaita shi saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna, labarin Asibitin Zana yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Alhali ɗigon shan inna ba gwaji ba ne, an shekara arba'in ana ba yaran duniya. Ciwon ya sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da shi, yara suka gurgunce, ba a kuwa tabbatar da Afirka ta rabu da shan inna na asali ba sai Agusta 2020.

Amma an koyi abu. Cikin 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, da kwamiti na ƙasa mai kula da shi. Yau ba a gwada sabon magani sai da izinin NAFDAC da na kwamitin ƙa'ida mai rajista. Iyaye, ga haƙƙinku in wata rana an zo muku da irin wannan. Tilas a gaya muku ƙarara cewa bincike ne, da harshen da kuke ji. A gaya muku haɗarin da aka sani, da maganin da za ku samu in kun ƙi. Wanda bai iya karatu ba ya zo da shaidar da ya amince da shi kafin ya dangwala yatsa. Ku tambayi wanda zai ɗauki nauyi in an sami illa, ku kuma karɓi taku takardar ku ajiye. Kuna iya fita ko yaushe, ba wanda zai hana ku magani don haka. Yaron da ya yi wayo kamar mu, bayan yardar iyayensa, sai an nemi tasa. Duk mai gaggauta ku, ko mai rantse muku cewa lalle za a warke, ba bincike yake yi ba, domin da an san za a warke ai da ba a kira shi gwaji ba.

Mu a Zamfara mun ga yadda rubuta abu daki-daki yake da amfani. Cikin 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin MSF sun yi wa yara magani da wata ƙwaya mai janye dalma daga jini, suna auna jinin suna rubutawa. Cikin 2014 aka buga sakamakon yara 1,156, likitocin duniya suka ƙaru da shi. Ba a ɓoye wa kowa abin da ake ba ɗansa ba.

KARARA DA BINCIKEN IKKO

Kada wani ya ɗauka ina rena maganin gargajiya ne. Kowane yaro da ya taɓa kiwo ya san karara, wannan mai yaɗo da ƙaiƙayinta ke sa mutum ya tuɓe riga a guje. To, a cikin 'ya'yanta akwai lebodofa, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin. Shi ne babban maganin Parkinson tun 1967, lokacin da Dakta George Cotzias ya nuna a Amurka cewa in an fara da kaɗan ana ƙarawa sannu sannu, wanda ya sandare yakan miƙe ya yi tafiya. Ba ya kashe ciwon, amma yakan ba mutum shekaru na walwala. Matsalarsa a ƙasashenmu ita ce tsada, gama kullum ake sha har iyakar rai.

Saboda haka wani likitan Italiya, Roberto Cilia, da abokan aikinsa suka ce bari a gwada garin 'ya'yan karara da aka soya. A ƙasar Bolibiya suka gwada shi kan majiyyata 18 bisa ƙa'idar ɓoyewa da ƙuri'a, aka buga sakamako cikin 2017. Sha ɗaya ya yi aiki kamar ƙwayar asibiti. Sai suka sake gwadawa na mako 16 kan mutum 14. Nan fa rabinsu suka kasa jurewa, waɗansu don ciwon ciki da tashin zuciya, waɗansu don jikinsu ya ƙara sandarewa. Ga amfanin gwaji ke nan, ya nuna alherin ya kuma nuna iyakarsa. Ina roƙon kada wani ya karanta wannan ya tafi daji ya ɗebo wa kakansa. Ƙarfin sinadarin ya bambanta daga iri zuwa iri, in ya yi yawa yakan kawo amai da ruɗewar hankali. Mai magani na kasuwa da ya ce nasa ya fi na asibiti, ga hanya nan a buɗe, ya kawo a auna.

Wanda ke da dattijo mai karkarwa ko ɗan'uwa mai fizga, ya fara da asibiti. Ba kowace rawar jiki ce ta ƙwaƙwalwa ba. Wata daga maƙoƙo take, wata kuwa illar wani magani ce da mutum ke sha, in an gyara sai ta tafi. Daga Tsafe ko Bunguɗu ana iya zuwa Asibitin Tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura, in abin ya fi ƙarfinsu su tura asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya ko na Malam Aminu Kano. A tafi da tarihin dangi, wa ya taɓa yin irin wannan, yana da shekara nawa ya fara, domin likita ya fi bukatar wannan bisa kome.

Ku kuma 'yan'uwana masu niyyar shiga makarantar kiwon lafiya ta Tsafe ko karatun likita, ga abin da ke jiranku. Yawancin abin da duniya ta sani game da gadon waɗannan cututtuka daga jinin Turawa aka samo shi. Cikin 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Ikko, tare da likitocin ƙwaƙwalwa daga sassan Nijeriya da abokan aikinsu na Ingila da Amurka, suka buga binciken majiyyata kusan 1,500 masu asalin Afirka. Suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda yake jikin kashi 39 cikin 100 na majiyyatan, ba a kuwa cika samunsa a Turawa ba. Wanda ya gaje shi daga gefe ɗaya haɗarinsa na kamuwa da Parkinson ya ƙaru da wajen rabi, wanda ya gada daga uwa da uba kuwa ya ninka fiye da sau uku. Wannan ba ya nufin lalle sai ya kamu.

Abin sha'awa shi ne tun kafin nan masana suna neman magungunan da za su ƙarfafa aikin wannan ƙwaya ta GBA1. Ɗaya daga ciki tsohon maganin tari ne mai suna amburozol, wanda aka fara gwadawa kan mutane ƙasa da 20 a Landan, kana cikin 2023 aka ba da sanarwar babban gwaji na mutum 330 a Ingila. Sai dai sauyin da aka gano a Ikko ba irin na Turawa ba ne. Nasu galibi yakan ɓata siffar sinadarin da ƙwayar ke haɗawa, namu kuwa yawansa yake ragewa. Saboda haka ko gwajin Ingila ya yi kyau, sai an sake wani a jikin masu irin namu sauyin, da likitoci da ma'aikatan jinya masu jin Hausa da za su zauna da iyali su yi musu bayani tun daga farko.